Hurumin Dabbobin Dawa Da Haƙƙin Talaka: Darasi Daga Kure

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya watsa dabbobi iri-iri a cikinta, Ya kuma ɗora wa ɗan Adam amanar kula da ita. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya zauna da dattawan ƙauyukanmu ya ji suna ba da labarin dajin da suka tarar, zai zaci wata ƙasa ce daban suke siffantawa. Suna ambaton gwanki da ɓauna da jimina da kanki kamar yadda muke ambaton tumaki da awaki. Yau kuwa akasarin yaranmu ba su san waɗannan dabbobi ba sai a tatsuniya da karin magana. Gwamnatoci sun keɓe gandun daji, sun kafa dokoki, sun ɗauki ma'aikata sun ba su kaki da bindiga, amma dajin sai ƙara zama kango yake yi. Abin da nake son in tabbatar a wannan maƙala shi ne, dabbar dawa tana tsira ne a wurin da talakan da ke maƙwabtaka da ita yake da sanannen rabo a cikin amfaninta, kuma Shari'armu ta riga ta aza harsashin wannan ƙa'ida fiye da shekaru 1,400 da suka wuce.

Labarin raƙuman dawa na Kure

Kure gari ne a Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai, a kan babbar hanyar da ta nufi Doso. Mazauna yankin galibi Zabarmawa ne manoma da Fulani makiyaya. A nan ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka tattaru, wato irin nan mai hasken fata wanda a da yake kiwo tun daga Senegal har zuwa Tafkin Chadi, da ƙasar Hausa a tsakiya. Farauta da sare daji da farin shekarun 1970 da 1980 suka ƙarar da shi a ko'ina. A shekarar 1996, da aka ƙirga waɗanda suka rage, sai aka sami 49 kacal a duk duniya. A wannan shekarar ma an yi yunƙurin kama wasu don a kai wa shugabannin ƙasashe maƙwabta kyauta, wasu suka mutu wajen kamun. Ka ga ashe haɗarin bai tsaya ga maharbin ƙauye kaɗai ba, har da masu iko.

Dabba ce mai jinkirin yaɗuwa, domin macen takan ɗauki ciki na kimanin wata 15, ta haifi ɗa guda. Duk da haka, a ƙidayar shekarar 2017 an sami fiye da 600. A shekarar 2018 hukumar duniya da ke lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sassauta matsayin haɗarin da ta sanya su a ciki tun 2008. A watan Nuwamba na wannan shekarar kuma aka ɗauki guda 8 aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa gandun dajin Gadabeji da ke yankin Dakwaro a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekaru 50 ba a ga irinsu ba. An ƙara wasu 4 a shekarar 2022.

Abin lura a nan shi ne, Kure ba gandun daji ba ne da aka kewaye da waya aka kori mutane daga cikinsa. Raƙuman suna yawo ne a tsakanin gonaki da rugage. Da damina suna hawa tudu su ci ganyen geza da sauran itatuwan fako, da rani kuma su gangara kwarin Dallol Boso su ci gawo. Kullum suna kan idon manomi da makiyayi da mai saran itace. Da waɗannan mutane sun ga dama, da tuni an manta da su.

Lissafin manomi

To, me ya sa suka ƙyale su? Gaskiya ne dokar farauta da Nijar ta kafa a shekarar 1998 ta tsananta hukunci a kan kashe su, kuma babu zaki a yankin da zai riƙa cin 'ya'yansu. Amma doka irin wannan tana nan a rubuce a ƙasashe da dama waɗanda dabbobinsu suka ƙare ƙaf. Bambancin yana ga lissafin da manomi yake yi a zuciyarsa.

Kada mu yaudari kanmu, zama da raƙumin dawa yana da tsada ga talaka. Yana shiga gonar wake ya yi ɓarna, yana cin mangwaro, yana miƙa dogon wuyansa ga harawar da aka adana don dabbobin gida. Mutumin da abincin iyalinsa na shekara ya rataya a kan 'yar gona ɗaya ba zai kalli wannan ɓarna da idon ɗan yawon buɗe ido ba. Idan hasara ce kawai yake gani, to babu yawan ma'aikatan daji da zai hana shi ɗana tarko da dare.

Abin da aka yi a Kure shi ne aka sa wani abu a ɗaya hannun ma'auni. Samarin ƙauyukan suka kafa ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora, suka riƙa samun abin masarufi daga masu zuwa kallo. Ƙungiyar kare raƙuman dawa ta Nijar, wadda aka fi sani da ASGN, tare da masu tallafa mata daga waje, ta haƙa rijiyoyi, ta riƙa ba da ƙananan rance don kiwo da sana'a, musamman ga mata, ta kuma bi ƙauye-ƙauye tana wayar da kai. Da mutane suka fahimci cewa rijiyar nan da jarin nan albarkacin dabbar nan suka zo, sai suka zama su ne masu gadinta. Baƙon maharbi kuwa ba ya iya shiga daji ya fita alhali mutanen gari suna sa masa ido.

Sai dai akwai rauni a cikin wannan tsari, kuma ya bayyana a fili ranar 9 ga Agusta, 2020. A ranar ne 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum 8 a yankin: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu ɗan Nijar, da shugaban ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora. Ƙungiyar da ke kiran kanta Daular Musulunci ta ɗauki alhakin kisan. Musulunci ya barranta daga wannan ɗanyen aiki, domin jinin Musulmi da jinin baƙon da ya shigo ƙasa da aminci duka haramun ne. Bayan rayukan da aka salwantar, an kuma toshe wa ƙauyuka hanyar abinci, don an rufe wurin, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ɓarnar gona kuwa ba ta tsaya ba, saran itacen da ake kai wa Yamai bai tsaya ba, motocin babbar hanya da ke banke dabbobin su ma ba su tsaya ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Rabon da ya dogara ga zuwan baƙi da alherin masu tallafi yana iya yankewa rana ɗaya.

Hima a Shari'a

A nan ne ya kamata mu koma ga abin da muke da shi a gida. Malaman fiƙihu suna da babi da suke kira hima, wato yankin ƙasa da shugaba yake keɓewa ya hana a yi amfani da shi yadda aka ga dama, saboda wata maslaha ta jama'a. Kalmarmu ta hurumi, wadda ta samo asali daga Larabci, tana kusa da wannan ma'ana, kuma garuruwanmu sun daɗe da sanin hurumin kiwo da burtali da mashaya. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa Ta'alimur Radi, wanda ya rubuta a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita.

Larabawan Jahiliyya ma suna da tasu himar, amma ta zalunci ce. Imamu Shafi'i ya ba da labarin cewa shugaban ƙabila yakan hau tudu ya sa kare ya yi haushi, duk inda haushin ya kai ya zama makiyayarsa shi kaɗai, sannan kuma ya yi tarayya da mutane a sauran wuraren. Yaƙin Basus da aka yi tsakanin ƙabilun Bakar da Taglib, wanda masu tarihi suka ce ya ɗauki shekaru 40, ya tashi ne a kan taguwa guda da aka harbe a hurumin Kulaib. Musulunci ya rushe wannan, ya mayar da keɓe ƙasa ya zama don amfanin al'umma kaɗai. Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar (R.A.) kuma ya keɓe Sharaf da Rabaza. Haka nan an haramta farauta da sare itatuwa a haramin Makka da na Madina.

Abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne umarnin da Sayyidina Umar ya bai wa bararren bawansa Hunayyu lokacin da ya naɗa shi mai kula da hima, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Sahihul Buhari. Ya umarce shi da ya tausasa wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce masa ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga su yi kiwo, amma ya hana dabbobin Abdurrahman ɗan Aufu da na Usmanu ɗan Affan. Dalilinsa shi ne, waɗannan biyun idan dabbobinsu suka hallaka suna da gonaki da dabino da za su koma gare su, talaka kuwa zai kwaso 'ya'yansa ne ya zo ƙofar Sarkin Musulmi yana kuka, kuma ba shi ciyawa da ruwa ya fi sauƙi ga baitulmali a kan ba shi zinariya da azurfa. Sannan ya yi iƙirarin cewa ƙasar ta mutanen ce, kuma ba don dabbobin da ake ɗaukar mayaƙa a kansu ba, da bai keɓe ko taƙi ɗaya ba.

Ka duba, ya ɗan'uwa, ka kwatanta wannan da yadda aka kafa yawancin gandun dajin Afirka tun zamanin mulkin mallaka. An tashi ƙauyuka, an hana talaka itacen girki da ciyawar jinka, an kira maharbin gargajiya ɓarawo, alhali babban mutum yana shiga da takardar izini ya harbi abin da yake so don nishaɗi. Wannan ya fi kama da himar Kulaib. Malaman Malikiyya sun shardanta cewa shugaba ne zai keɓe hima, kuma sai da bukata, kuma ta zama kaɗan yadda ba za ta ƙuntata wa mutane ba, kuma a wurin da babu gini ko shukar wani. Gaskiya ne himar farko ta dawaki ce da raƙuman zakka, amma illar hukuncin ita ce maslahar jama'a, kuma kiyaye wata halitta daga ƙarewa tare da samar wa ƙauyuka abin dogaro maslaha ce bayyananna.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce, ai farauta halal ce, wa ya isa ya haramta abin da Allah Ya halatta? Amsa ita ce babu wanda ya haramta ta. Kiwo ma halal ne, amma Sayyidina Umar ya hana manyan sahabbai biyu yin sa a wani keɓaɓɓen wuri. Shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake halal na wani lokaci ko a wani wuri idan barinsa zai jawo cuta ga jama'a. Kuma halaccin farauta yana tare da manufa ta ci ko amfani. Kashe dabba don wasa, da zuba guba a mashaya, da cinna wa daji wuta saboda ɓera ko zomo, duk ɓarna ce a bayan ƙasa, Allah kuwa ba Ya son masu ɓarna. Kada kuma mu manta da kasuwar bokaye, wadda ke sayen kawunan ungulu da sassan namun daji don tsafi da layu. Ungulun nan da ta saba cika mahautanmu, a shekarar 2015 aka sanya ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, kuma wannan ciniki yana cikin manyan dalilai. Ashe yaƙi da shirka da camfi yana da amfani har ga tsuntsun sama.

Wani kuma zai ce, mutane suna fama da yunwa ku kuna zancen dabbobi. Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce ma ta sa muke cewa duk shirin kare dabbobin da bai fara da cikin talaka ba, ba zai ɗore ba. Amma a tuna, raƙumin dawa guda idan aka kashe shi, naman kwana nawa ne? Dajin da yake rayuwa a cikinsa kuwa shi ne yake tare zaizayar ƙasa, yake ba da itace da magani da zuma da abincin dabbobi da rani. Gawon da yake ci shi ne gawon da ke ƙara wa gonar gero taki. Ranar da dajin ya ƙare, dabbar za ta riga mu tafiya, mu kuma mu bi bayanta zuwa ci-rani.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, rabon jama'a ya zama haƙƙi rubutacce a doka. Ƙasar Namibiya, a kudancin Afirka, ta gwada wannan. A shekarar 1996 ta yi dokar da ta bai wa mazauna karkara ikon mallakar amfanin namun dajin yankinsu idan suka kafa ƙungiya mai iyaka sananniya da tsarin mulki da zaɓaɓɓun shugabanni. An yi wa huɗu na farko rajista a 1998, zuwa shekarar 2020 sun kai 86, sun mamaye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar. Su suke ƙulla yarjejeniya da masu masaukin baƙi, su ɗauki 'ya'yansu aikin gadi, su raba naman da aka ƙayyade musu. Wanda yake da haƙƙi yana iya tsayawa gaban alƙali ya nema, wanda ake yi wa alfarma kuwa sai dai ya jira.

Na biyu, kada a rataya komai a kan baƙi. Su ma mutanen Namibiya sun ɗanɗana kuɗarsu a 2020 da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye. A Weciyau da ke arewa maso yammacin Gana, sarakunan yankin sun keɓe kimanin kilomita 40 na gaɓar kogin Baƙin Bolta don dorina a shekarar 1998. Ban da kuɗin masu zuwa kallo, matan ƙauyukan suna tsintar 'ya'yan kaɗanya a dajin da aka kiyaye, ana sarrafa man kaɗe ana sayarwa. Irin wannan arziki daga ƙasa yake fitowa. Muna da irinsa a ƙaro da zuma da aduwa da kaɗanya. Kuma babu abin da ya hana makarantunmu na boko da na Islamiyya su riƙa kai ɗalibai su ga ayoyin Allah a cikin halittarSa, a biya abin da ya sawwaƙa, kuɗin ya zauna a ƙauye.

Na uku, a biya diyyar ɓarna cikin gaggawa da adalci. Manoman da ke kewaye da Yankari a jihar Bauci, dajin da aka keɓe tun 1956 mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, sun san abin da garken giwaye yake yi wa gona a dare ɗaya. Ba daidai ba ne al'umma duka ta yi alfahari da giwa, manomi ɗaya ya ɗauki hasararta. A ware wani kaso na kuɗin shiga don wannan, a sa mai unguwa da liman da wakilan manoma da na makiyaya su tantance ɓarnar.

Na huɗu, a tsare amanar dukiyar. Shirye-shirye da yawa irin wannan sun mutu ne saboda 'yan tsiraru sun mamaye kwamiti, kuɗi ya tsaya a aljihunsu. A riƙa karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a, a fara da mabukata kamar yadda Sayyidina Umar ya yi, a ba mata da makiyaya wakilci, rancen da za a bayar kuma ya kuɓuta daga riba. Maharba da sarakunansu, waɗanda suka fi kowa sanin sawu da mashaya, su ya kamata a fara ɗauka aikin gadi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Mun ga shaidar wannan ƙa'ida a kan itatuwa a ƙasar Maraɗi da Damagaram. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, da manoma suka sami tabbacin cewa itacen da suka raina a gonarsu nasu ne, sai suka daina tumɓuke tohon gawo da kalgo da sabara, har aka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Raƙuman da aka kai Gadabeji suna hannun makiyayan wannan jiha yanzu, kuma makomarsu tana ga irin rabon da za a ba waɗannan makiyaya.

A ƙarshe, ina kira ga malamanmu da masu wa'azi da su buɗe wannan babi a majalisunsu. Muna karantar da hukuncin yanka da farauta, amma ba kasafai muke kaiwa ga babin hima da hurumi da raya matacciyar ƙasa ba, har matasanmu suka ɗauka kiyaye daji al'adar Turawa ce. Ina kuma kira ga mahukunta da su ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta a duk lokacin da za su keɓe wata ƙasa. Za a tambaye mu a kan dabbar da muka ƙarar, za a kuma tambaye mu a kan talakan da muka ƙuntata wa da sunan kare ta.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.